Mura ce, fulu ce, ko maleriya? Yadda ake rarrabe su idan hunturu ya kama a Arewacin Kamaru

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da zarar iskar hunturu ta taso, da wuya ka shiga masallaci ko aji ko motar haya a Garwa, Marwa ko Kuseri ba ka ji tari ta kowane ɓangare ba. Lokacin ne layi ke tsawo a ƙananan asibitocin unguwa, kuma a nan ruɗanin ke farawa. Mutum biyu za su je da abin da a ganinsu ciwo ɗaya ne. Malamin asibiti ya rubuta wa ɗaya "rhume", wato mura, a katinsa, ya ce ya koma gida ya huta, ya yawaita shan ruwa. Ɗayan ya rubuta masa "grippe", wato infuluwenza ko fulu, ya sa a yi masa gwajin maleriya, ya kuma ja masa kunne cewa in numfashinsa ya canza ya dawo nan take. Babu wanda aka yi wa allura a cikinsu, babu wanda aka ba antibayotik, sai su fito suna ganin an raina ciwonsu.

Ga kuma jadawalin da ke yawo a WhatsApp da Facebook duk shekara, mai cewa in akwai zazzaɓi fulu ce, in babu mura ce. Jadawalin yana da ƙamshin gaskiya, amma an tsara shi ne don ƙasashen da babu sauron maleriya. Wanda ya bi shi ido rufe a Arewacin Kamaru ko Chadi yana iya zama a gida da ciwon da ba na zaman gida ba.

Ciwo biyu daga tushe biyu

Murar yau da kullum ba ƙwayar cuta ɗaya ke kawo ta ba. Akwai ƙwayoyin bairus sama da iri 200 da ke iya haddasa ta, mafi yawansu daga dangin da ake kira rinobairus. Hanci da maƙogwaro suke kamawa, ba su cika gangarawa huhu ba. Yawan nan nasu ne ya sa har yau babu allurar rigakafin mura, kuma shi ya sa mutum zai warke wannan watan ya sake kamuwa wata mai zuwa, ya ɗauka tsohuwar ce ta dawo alhali wata ce daban. Babba yakan yi mura sau 2 ko 3 a shekara. Ƙaramin yaro yana iya yi sau 6 zuwa 8, musamman in yana cuɗanya da yara a makaranta, kuma wannan kaɗai ba ya nuna akwai wata matsala a jikinsa.

Infuluwenza, ko fulu a taƙaice, ita ce "grippe" ta katin asibiti. Ƙwayarta dangi ɗaya ce mai rukuni huɗu, A, B, C da D, amma A da B ne ke kwantar da mutane duk shekara. A cikin rukunin A, nau'in H1N1 da H3N2 ne ke yawo tsakanin mutane yanzu. Fulu tana iya sauka huhu da kanta, ko ta raunana shi har bakteriya su samu hanyar shiga. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kusan mutum biliyan 1 ke kamuwa da ita kowace shekara, miliyan 3 zuwa 5 ciwon ya yi musu tsanani, sannan 290,000 zuwa 650,000 su rasu ta dalilin matsalar numfashi. A cikin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da fulu ke kashewa ta hanyar huhu, hukumar ta ce kashi 99 cikin 100 a ƙasashe masu tasowa suke.

Ƙwayar fulu tana sauya kama kaɗan-kaɗan kowace shekara, shi ya sa kamuwar bara ba ta cika kare mutum bana ba. Can ba a rasa ba sai ta yi babban sauyi, ta zama annobar duniya, kamar ta 1918 da ta kashe aƙalla mutum miliyan 50, da ta 2009. Murar tsuntsaye ma daga rukunin A take. Nau'in H5N1 ya fara ɓulla a Kamaru a 2006, cikin agwagi a Marwa, ya sake tashi a wata babbar gonar kaji a Yawunde a 2016. Ba ta yaɗuwa cikin sauƙi daga mutum zuwa mutum, amma mai kiwon da kajinsa ke mutuwa da yawa sannan zazzaɓi ya rufe shi, wajibi ne ya faɗa wa likita maganar kajin.

Yadda kowace ke shigowa

Babban abin da ke raba su shi ne yadda suke farawa. Mura a hankali take shigowa. Yau maƙogwaro yana ƙaiƙayi, gobe atishawa da yoyon hanci, jibi hanci ya toshe, tari ya biyo baya. Mai mura yana fita kasuwa, yana cin abinci, yana zuwa jam'i, sai dai ƙyalle ba ya barin hannunsa. Babba bai cika yin zazzaɓi da ita ba, in ma ya yi sama-sama ne. Yara kan yi ɗan zafin jiki a kwana biyun farko. Yawanci ta fi tsanani a kwana na 2 zuwa na 3, ta wuce cikin kwana 7 zuwa 10.

Fulu faɗowa take yi. Mutum ya wayi gari lafiya lau, kafin la'asar yana rawar sanyi, kuma sau da yawa yana iya faɗa maka lokacin da abin ya fara. Zafin jiki ya kai digiri 38 ko ya haura 39, kai ya ɗau ciwo, baya da cinyoyi da gaɓoɓi su yi tsami. Masu ciwon kan ce kamar an lakaɗa musu duka. Tarin busasshe ne mai cin ƙirji. Abinci ya fita a rai, jiki ya mutu har tashi zuwa banɗaki ya zama aiki. Yoyon hanci da ciwon maƙogwaro suna iya zuwa, amma ba su ne a gaba ba. Yara kuma wani lokaci har da amai da gudawa. Daga ɗaukar ƙwayar zuwa bayyanar ciwon kwana 1 zuwa 4 ne, galibi kwana 2. Zazzaɓin yakan sauka cikin 'yan kwanaki, mafi yawan mutane su miƙe cikin mako guda, amma tari da kasala suna iya kai mako 2 ko fiye.

Wata alamar da ake mantawa da ita ita ce gida. Fulu tana da saurin yaɗuwa, kuma mai ita yana fara yaɗa ta tun kwana guda kafin ya ji komai a jikinsa, har zuwa kwana 5 ko 7 bayan ya kwanta. In cikin mako ɗaya maigida ya kwanta, uwargida ta bi, yara uku suka bi, kowa da zazzaɓi da tari, zargin fulu ya yi ƙarfi. Maleriya ba ta bin mutane ta tari.

Launin majina kuwa ba ya raba gardama. Majinar mura takan fara kamar ruwa, bayan kwana biyu ko uku ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa ko kore. Aikin garkuwar jiki ne ke sauya launin, kuma shi kaɗai ba hujja ba ce ta shan antibayotik, duk da cewa a kansa ake sayar da kafso da yawa.

Duk wannan fa kwatance ne. Akwai masu fulu da ba sa zazzaɓi, musamman tsofaffi, waɗanda ciwon kan zo musu da ruɗewa, ko faɗuwa, ko ƙin abinci kawai. Tabbatarwa sai da gwajin majinar hanci ko maƙogwaro. Cibiyar Pasteur ta Kamaru da ke Yawunde, mai reshe a Garwa, ita ce cibiyar ƙasa mai sa ido kan fulu, amma aikinta bibiyar nau'in da ke yawo ne a faɗin ƙasa. Mai ciwon da ya je asibitin unguwa, da alamomi za a yi masa hukunci.

Inda gizo ke saƙar: zazzaɓi

A Faransa ko Ingila, zazzaɓi kwatsam da ciwon jiki a lokacin sanyi, fulu ake fara zargi. A Garwa ko Njamena zazzaɓi yana da masu shi da yawa, kuma na farkonsu maleriya ce, wadda a nan aka fi kira palu. Rawar sanyi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, kasala, ɗacin baki, amai: duk maleriya tana zuwa da su. Abin da ke ɗan bambanta su shi ne tari da ciwon maƙogwaro da yoyon hanci sun fi karkata ga fulu. Amma yaro mai maleriya ma yana iya yin tari da saurin numfashi, kuma ana iya samun cututtukan biyu a jiki ɗaya lokaci ɗaya.

Lokacin shekara yana taimakawa, sai dai ba ya yanke hukunci. Maleriya a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru ta fi ƙarfi da damina da ɗan bayanta, wajen Yuli zuwa Oktoba, amma a bakin Binuwai, da Logon, da gonakin shinkafa na Yagwa da Maga, ruwa ba ya ƙarewa don hunturu ya zo, sauro ma haka. Ita kuma fulu, a ƙasashe masu zafi tana iya tashi kowane wata, har tsakiyar damina. Shi ya sa tun 2010 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a yi gwaji kafin a ba da maganin maleriya. Gwajin gaggawa ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako cikin minti 15 zuwa 20. In ya nuna akwai, a sha maganin har ƙarshe. In ya nuna babu, maganin maleriya ba zai yi wa fulu komai ba, kuɗi ne kawai za su tafi.

Tun 2016 ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga maleriya da damina a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, kuma a Janairun 2024 Kamaru ta fara allurar rigakafin maleriya a cikin alluran yara. Dukansu suna rage kamuwa, amma ba sa kawar da ita gaba ɗaya. Yaron da ya sha maganin ko aka yi masa allurar, in ya yi zazzaɓi shi ma sai an gwada shi.

Na biyu cikin masu kawo zazzaɓi sanƙarau ne. Arewacin Kamaru da kudancin Chadi suna cikin zirin sanƙarau na Afirka, kuma lokacinsa shi ne daga hunturu zuwa bazara, wato yana haɗa kafaɗa da lokacin mura. Allurar da aka fara yi wa jama'a a ƙasashen biyu a 2011 ta karya lagon nau'in A, wanda a da shi ke kawo manyan annoba, amma sauran nau'o'in suna nan. Farkonsa yana kama da fulu sosai. Abin da ke fallasa shi: ciwon kai mai tsananin da mutum bai saba ji ba, wuya ya sanƙare har haɓa ba ta iya taɓa ƙirji, ido ba ya son haske, amai, ruɗewa. A jariri, maɗigarsa ta kumbura, ya ƙi nono, ya yi ta kuka ko ya yi laƙwas. Wannan ciwo ne da ake lissafa shi da awoyi.

Ƙyanda ma da siffar mura take farawa: zazzaɓi, tari, yoyon hanci, jan ido, sai bayan kwana 3 zuwa 5 ƙuraje su feso daga fuska da bayan kunne. Korona, wadda ta shigo Kamaru da Chadi a Maris 2020, har yanzu tana nan, kuma ba a iya raba ta da fulu sai da gwaji. A gabashin Chadi, Abeche ta ga annobar cikungunya a 2020 da zazzaɓin dengi a 2023, dukansu masu zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, sai dai ba su cika zuwa da tari ba. Tarin da ya wuce mako 2, da rama da gumin dare, a nemi gwajin tibi.

Akwai kuma wani da ba ƙwayar cuta ba ce ma. Daren hunturu, ana shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ko launi, tana kawo ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala ga duk waɗanda suka kwana a ɗakin. Babu zazzaɓi, kuma in an fita waje ana jin sauƙi. Tana kisa cikin barci.

Sanyi ne ko ƙura?

Iyaye da kakanni sun tafi a kan cewa sanyi ke kawo mura: wankan asuba da ruwan randa, kwana a tsakar gida, shan ruwan firij, fita babu hula. Masana kuma suna cewa in babu ƙwayar cuta babu mura, ko da mutum ya kwana cikin ruwa. Maganar masana ce ke da hujja a kan asalin ciwon, amma lurar tsofaffi ba ta faɗi ƙasa banza ba. Busasshiyar iska mai sanyi tana sa ƙwayar fulu ta daɗe da rai a sarari, tana busar da fatar cikin hanci wadda ke tare ƙwayoyin cuta, sannan tana tara mutane a ɗaki ɗaya a rufe. Sanyin yana share fage, ƙwayar kuma daga wani mutum take zuwa: tari, atishawa, musabaha, kofin da ake zagayawa da shi a wajen mai shayi ko a makarantar allo.

Ƙura labarinta daban. Mafi yawan hazon da ke lulluɓe Njamena, Kuseri da Marwa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ƙurar tana sa atishawa, ƙaiƙayin ido da hanci, da busasshen tari, ba tare da wata ƙwayar cuta ba. Alamarta ita ce babu zazzaɓi, majinar ruwa ce tsararo, abin yana ƙaruwa ranar da hazo ya yi kauri ya ragu in ya washe, yana iya ɗaukar makonni, kuma ba ya kama na kusa. Ga mai asma wannan ƙurar ta fi mura haɗari. Takunkumi ko rawani a kan hanci yana ragewa, musamman ga masu babur na haya da ke wuni a titi.

Wa zai jinya a gida, wa zai tafi asibiti

A nan ma'aikatan lafiya da kansu sun ɗan sha bamban. Wasu suna ganin sunan ciwon bai da wani muhimmanci, tunda mura da fulu duk hutu ne da ruwa da maganin zazzaɓi. Abin da ya kamata a koya wa jama'a shi ne alamomin haɗari. Wasu kuma suna cewa sunan yana da amfani, domin wanda ya san fulu ce zai raba ɗaki da mai ciki da tsoho, zai sa ido a kan huhu, kuma in yana cikin masu rauni zai nemi magani da wuri. Ga lafiyayyen matashi, maganar farko ta wadatar. Ga gidan da ke da jariri ko mai ciwon suga, ta biyu ta fi nauyi.

Masu raunin su ne mata masu juna biyu da masu jego, yara 'yan ƙasa da shekara 5 musamman 'yan ƙasa da 2, waɗanda suka kai shekara 65, da masu ciwon suga, zuciya, ƙoda, asma, sikila ko cuta mai karya garkuwar jiki, da yara masu tamowa. Waɗannan in zazzaɓi da tari suka zo musu kwatsam, a ranar ya kamata a gan su. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, kowane irin zazzaɓi na asibiti ne.

Ga yara akwai ma'aunin da kowace uwa za ta iya yi da agogon waya. A jira yaro ya natsu, ba yana kuka ba, a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. In bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Tari da saurin numfashi alamar nimoniya ce, ciwon da ake kira haƙarƙari, kuma ita ce ke buƙatar antibayotik na gaske. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ba ya farkawa sosai, ba a jiran gari ya waye.

Ga manya: haki ko sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, kaki da jini, ruɗewa, fitsari ya ɗauke, ko zazzaɓin da ya wuce kwana 3 bai sassauta ba. Sai kuma alamar da ta fi yaudara, wato mutum ya samu sauƙi har ya koma aiki, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya dawo da tari mai nauyi. Sau da yawa bakteriya ne suka bi sawun fulu suka shiga huhu.

Abin da ake saye da abin da yake aiki

Antibayotik irin su amozisilin bakteriya suke kashewa, ba sa taɓa bairus. Mai mura da ya sha kafso kwana uku ya warke, da ma lokacin warkewarsa ne ya yi. Illar tana zuwa daga baya, lokacin da bakteriyar jikinsa suka saba da maganin, ranar da nimoniya ta zo kuma ya ƙi aiki. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka rasu kai tsaye saboda bakteriyar da suka daina jin magani, kuma yammacin Afirka ne ya fi ko'ina yawan mace-macen gwargwadon yawan jama'a. Allura ko ƙarin ruwa ma ba sa gajarta mura. Ƙarin ruwa na wanda ya kasa sha ne da baki.

Fulu tana da nata maganin, oseltamibir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 na farko, likita ne ke rubuta shi, kuma an fi tanadarsa ga masu rauni da waɗanda ciwon ya yi wa tsanani. Ba ya yi wa mura komai.

Farasitamol shi ne na zazzaɓi da ciwon jiki. Babba kada ya wuce giram 3 a yini ba da izinin likita ba, wato ƙwaya 6 masu miligiram 500, a rarrabe. Tarkon shi ne yawancin haɗe-haɗen maganin mura, na ƙwaya da na gari da ake damawa, akwai farasitamol a cikinsu, sai mutum ya haɗa biyu ko uku ya wuce ƙa'ida bai sani ba, hanta ta ɗauki nauyin. Yara da matasa masu fulu ba a ba su asfirin, saboda wani ciwo da ba a cika gani ba amma mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Inda ake zargin dengi, asfirin da ibufurofen duka a bar su, suna ƙara haɗarin zubar jini. Taramol da wasu ke sha don su iya fita aiki da ciwon jiki yana danne numfashi, ga kuma kama mutum.

Magungunan buɗe hanci da ake haɗiya, masu sinadarin sudo'efedirin, su ma an sake duba su. Tun Disambar 2024 hukumar magunguna ta Faransa ta hana sayar da su sai da takardar likita, saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, wanda ba ya yawan faruwa amma yana da muni. Dokar ta Faransa ce, sai dai irin waɗannan magunguna suna shigowa kantunanmu, kuma mai hawan jini ko mai ciki ya kamata ya san da maganar. Maganin tari na ruwa kuwa, a Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan wani mai suna Naturcold da aka samu a Kamaru, bayan rasuwar yara a jihar Arewa maso Yamma. Gwaji ya gano guba mai lalata ƙoda a cikinsa fiye da ƙima nesa ba kusa ba. Ko mai kyau ne ma, ba a ba ƙananan yara shawarar shan irin wannan, balle wanda ya wuni a rana a kan tiren mai talla.

Na gida fa? Shayin citta da lemun tsami da kanumfari ba ya kashe ƙwayar cuta, amma yana ɗumama maƙogwaro, yana sa a sha ruwa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zuma tana rage tarin dare, sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba. Ruwan gishiri na ɗiga wa hanci yana buɗe wa jariri hanya ya iya kama nono. Sirace yana sa wasu jin sauƙi na ɗan lokaci. Haɗarinsa tukunyar tafasasshen ruwa ce a gaban yaro a ƙarƙashin bargo. Lulluɓe mai zazzaɓi da barguna don ya yi gumi yana ƙara masa zafi ne.

Allurar rigakafi da lissafin aljihu

Akwai allurar fulu, ana iya yin ta daga wata 6, kuma sai an sabunta ta duk shekara saboda sauyawar ƙwayar. Sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, Hukumar Lafiya ta Duniya ke zaɓar nau'o'in da za a sa a ciki, bisa samfurin da cibiyoyi irin ta Pasteur ke aikawa. A shekarar da zaɓin ya dace, tana rage zuwa asibiti saboda fulu da kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Ba ta cikin jerin alluran da ake yi wa yara kyauta, mai so sai ya saya.

Masu ganin ba ita ce a gaba ba suna cewa kuɗin lafiya kaɗan ne, ƙyanda da maleriya da tamowa sun fi kisa, ga allurar sai an maimaita kowace shekara, kuma an tsara ta ne bisa lokutan sanyin Turai da kudancin duniya. Masu goyon bayanta suna nuni da mata masu ciki: wani gwaji da aka yi a Bamako, aka buga sakamakonsa a 2016, ya nuna cewa in an yi wa uwa allurar, jaririnta yana samun kariya a watanninsa na farko, lokacin da shi kansa bai isa a yi masa ba. Maniyyata ma hukumomin lafiyar Saudiyya suna ba su shawarar yin ta kafin tafiya, ban da ta sanƙarau da ta ciwon shawara da suke wajibi. Tana ɗaukar kusan mako 2 kafin ta fara aiki, kuma ba ta hana murar yau da kullum, abin da ke sa wasu cewa an yi musu amma ba ta yi ba.

Ga mai neman abincin yau da kullum, shawarar a zauna a gida mako guda ta fi sauƙin faɗa. Mai babur ko mai sayar da ƙosai da bai fita ba, tukunya ba za ta hau ba. Kwana 3 na farko ne aka fi yaɗa fulu, su ne kuma jiki ya fi buƙatar hutu, don haka in ba za a iya mako ba, waɗannan ne na riƙewa. Wanda ya zama dole ya fita ya sa takunkumi, ya yi tari a cikin gwiwar hannu, ya wanke hannu da sabulu, ya ware kofinsa. A gida kuma a buɗe taga da rana, a raba masa shimfiɗa da jariri, mai ciki da tsoho har zazzaɓin ya sauka ya kwana ya wuni bai dawo ba.